Kiwon Lafiya Cikin Jirgin Sama: Jawabi Ga Masu Niyyar Haji

Ina gaishe ku, mutanen Zagga da na Bagudo, da na Ka'oje da Illo, har ya zuwa Tsamiya da Lolo can bakin iyakar Benin. Yau maganarmu a kan doguwar tafiya ce cikin jirgin sama, irin wadda alhazanmu ke yi kowace shekara. In ba ka da niyya bana, kada ka ce ba ruwanka. Watakila tsohonka ne zai tafi, ko tsohuwarka, kai ne kuwa za ka zaunar da su ka gaya musu abin da ka ji.

Kakanninmu da ƙafa suka je Makka. Sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, su yi shekara da shekaru a hanya, waɗansu ma ba su komo ba. Yau kuwa alhajin Jihar Kebbi a Ambursa yake shiga jirgi, watau filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello kusa da Birnin Kebbi. Daga filin nan ne ma jirgin farko na alhazan Nijeriya duka ya tashi ran 15 ga watan Mayu, 2024. Daga can zuwa Madina wajen kilomita 4,000 ne, tafiyar awa 5 ko fiye. A shekarar 2023 da yaƙi ya tashi a Sudan aka rufe sararin samanta, sai da jirage suka riƙa kewayawa, tafiyar ta ƙara tsawo. To, su kakanninmu tafiya ce ta wahalshe su. Mu kuwa zama ne ke wahalshe mu.

Duk wanda ya zo ɗakin shan magani yana shirin tafiya, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, abin nan ba ya faɗowa?" Nakan ce masa, "Baba, motar da za ta kai ka Birnin Kebbi ta fi jirgin haɗari nesa ba kusa ba." Abin da nake ji wa alhaji tsoro abu biyu ne, ƙin shan ruwa da ƙin tashi daga kujera. Su biyun nan kuwa tushensu ɗaya, watau tsoro da kunyar makewayin jirgi.

Bari in ba ku labari. Wata shekara wani dattijo daga wani ƙauye na ƙetaren Kwara ya komo daga Haji lafiya lau, aka yi ta zuwa yi masa barka. Bayan kamar kwana 10 aka kawo mana shi a kan babur, ƙafarsa ta hagu ta kumbura daga gwiwa har ƙasa, ta yi zafi, ta yi tauri. An riga an kira wanzami ya yi masa ƙaho, jikokinsa kuma sun kwana suna yi masa tausa. Na tambaye shi yadda ya yi a jirgi. Ya ce tun daren jajiberin tashi ya bar shan ruwa, don kada fitsari ya kama shi a sama. Da ya zauna a kujerarsa ta bakin taga bai ko motsa ba har suka sauka, ga jaka ya cusa a gabansa ta danne masa ƙafafu. Da ya ga ma'aikaciyar jirgi da ruwa sai ya kau da kai. Nan take muka aika da shi babban asibiti. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya warke, amma sai da ya yi watanni yana shan magani.

Me ya same shi? Ku kasa kunne, don nan ne gindin maganar.

Zuciya ita ke tura jini zuwa ko'ina a jiki. Gangarawar jini zuwa ƙafa ba wuya, don gangara ce. Komowarsa ita ce aiki, don hawa ne. To, Allah ya yi wa ƙafa dabara. Tsokar nan ta bayan ƙwauri, watau sha-raɓa, duk lokacin da ka taka ƙasa sai ta matse jijiyoyin da ke cikinta, ta tura jinin sama, kamar yadda Bafillatana ke matsa hantsar saniya nono ya fito. A cikin jijiyoyin kuma akwai 'yan ƙyamare da ke buɗewa sama kaɗai, don kada jinin ya koma ƙasa. Ina yaro a makarantar mishan malamarmu takan tsai da mu a rana ta sa mu yi ta ɗage diddige muna saukewa, ta ce muna taya zuciya aiki. Mu a lokacin horo muka ɗauke shi. Sai da na shiga aikin asibiti na gane gaskiyarta.

In mutum ya zauna awa da awoyi, gwiwa a lanƙwashe, bakin kujera na danne masa cinya, sai tsokar nan ta bar aiki. Jini ya kwanta a ƙafa. Ku kun san bambancin ruwan Kwara mai gudu da ruwan da ambaliya ta bari a kududdufi. Jinin da ya kwanta yakan daskare ya zama guda a cikin jijiya, ya toshe ta, ƙafa ta kumbura. Wannan shi ne ƙaramin haɗarin. Babban shi ne gudan nan ya ɓalle, ya bi jijiya ya ratsa zuciya, ya je ya toshe hanyar jini a huhu. Mutum yana magana sai numfashi ya gagara. Shi ya sa tausar da aka yi wa dattijon nan ta tayar mini da hankali, don matsa irin wannan ƙafa yana iya ɓallo gudan.

Wannan ba sabon sani ba ne. A shekarar 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen London sukan kwana a maɓoya ƙarƙashin ƙasa saboda bama-baman Jamus. Wani likita mai binciken gawa, Keith Simpson, ya lura mace-mace na toshewar huhu sun ƙaru, ya kuwa gano waɗanda abin ke samu su ne masu kwana zaune a kan kujeru. A 1954 wani likitan Amurka, John Homans, ya rubuta labarin wani likita ɗan'uwansa da jini ya daskare masa a ƙafa bayan tafiyar awa 14 a jirgin sama. A 2007 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bincikenta. Ta ce in mutum ya yi awa 4 ko fiye yana zaune ba motsi, a jirgi ne ko a mota, haɗarin nan yakan ninka kamar sau biyu, abin kuma yakan sami wajen mutum 1 cikin 6,000.

Ɗaya cikin 6,000 ba yawa, ban kuwa faɗa don in tsorata ku ba. Amma ku tuna a 2023 kujera 95,000 aka ba Nijeriya, da yawa daga masu tafiya kuwa tsofaffi ne, waɗansu da ciwo a jikinsu. Sa'an nan ku lura, an ce a jirgi ko a mota. Kai mutumin Zagga zamanka ba a Ambursa ya fara ba. Tun a tasha ya fara, sa'ad da aka cusa ku huɗu a kujerar mutum uku, da kaya a cinya. Mutumin Lolo ko Tsamiya kuwa nasa ya fi naka tsawo. Sai zaman jira a sansanin alhazai, sai jirgi, sai motar masauki, daga baya ga tafiyar Madina zuwa Makka, fiye da kilomita 400. In ka haɗa lissafi za ka ga ka wuce awa 4 tun ba ka ga jirgin da idonka ba.

Maganin abin kuwa kyauta ne. Ka san yadda tela ke taka keken ɗinki? To, haka za ka yi da ƙafafunka kana zaune. Ka kafa diddige ka ɗaga yatsu, sa'an nan ka kafa yatsu ka ɗaga diddige, kamar sau 20. Ka juya idon sawu dama da hagu. Ka yi haka kowane rabin awa, ko duk lokacin da ka tuna. Mai carbi a hannu ya sami abin ƙidaya. Bayan awa ɗaya ko biyu, in fitilar ɗamara ta mutu, ka miƙe ka bi hanyar nan ta tsakanin kujeru ka je ka komo. Ba wanda zai hana ka, jirgi kuma ba zai karkata don ka tashi ba, ba kwalekwale ba ne. In wani na zaune tsakaninka da hanya, ka ce masa gafara, shi ma ka yi masa alheri da ka tashe shi. Jakarka ka sa ta a ma'ajin da ke bisa kanka, ka bar wa ƙafafunka fili. Kada ka harɗe ƙafa, kada ka tsuke mazagi ko ka sa safa mai tsuke ƙwauri. Maganin barci kuwa kada ka sha ko an ba ka kyauta, don mai nauyin barci ba ya motsi. A mota ma haka, duk inda direba ya tsaya ka sauka ka taka ƙasa.

Akwai waɗanda lalle su ga likita tun da sauran lokaci. Wanda ya taɓa yin irin kumburin nan, ko wani a gidansu ya yi. Wanda aka yi wa aiki ko ya karye a ƙafa cikin 'yan makonnin nan. Mai ciwon daji, mai ƙiba ƙwarai, macen da ba ta daɗe da haihuwa ba, da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa. Irin waɗannan likita yakan sa su sayi wata safa ta musamman mai taimakon jini, wani ma a yi masa allura. Kada ka sayi asfirin a kasuwa ka ce kana tsinka jini da kanka, yana iya jawo maka zubar jini a ciki. Mai juna biyu kuwa, inna, kada ki ɓoye. Hukumar alhazai takan sa a yi wa mata gwaji, ɓoyewa kuwa ranki da na ɗanki kika sa a caca.

Yanzu mu je makewayin nan da ake tsoro, don in ba mu shiga tare ba na san ba za ku sha ruwan ba. Ɗan ɗaki ne ƙarami, akwai a gaba, akwai a baya. In ka ga alama kore a ƙofar, ba kowa, in ja ce, da mutum. Ka tura ka shiga, ka zura sakata, fitila za ta ƙara haske. Zama ake yi a kai kamar kujera, ba a hawa a tsuguna, don in jirgi ya girgiza sai ka faɗo. In ka gama ka rufe murfin, ka danna maɓallin da ke jikin bango. Za ka ji wata ƙara mai ƙarfi kamar za a zuƙe ɗakin duka. Kada ka firgita, iska ce ke jan ƙazantar zuwa wani tanki a cikin jirgin. Ba ta jan mutum, ba kuma rami ne da ya fita waje ba. Ba buta a ciki, saboda haka ka riƙe 'yar gorar roba wadda ba kome a cikinta, ka tara ruwa a famfon wurin. Amma kada ka kwarara ruwa a ƙasa. Daɓen jirgi ba shi da magudana, tsohon da zai shigo bayanka kuwa santsi zai kwashe shi. Ka yi alwalarka tun a ƙasa kafin a kira ku. Yadda za ka yi in ta karye a sama, da maganar salla a zaune, wannan fagen malamai ne, ka tambaye su a wurin bita.

Inna, in kunyar ratsa maza kike ji, ki tashi tare da wata 'yar'uwarki, ko ki ɗaga hannu ma'aikaciyar jirgi ta raka ki. Aikinta ke nan. Kai kuma baba, in dama fitsari na yi maka gardama da dare, ka sani riƙe shi awa da awoyi yana iya sa ya ƙi fita sam, sai an zura maka roba. Wace kunyar ce ta fi?

Iskar cikin jirgi busasshiya ce, kamar ta tsakiyar hunturu. Za ka ji leɓe ya bushe, hanci na ƙaiƙayi, ido na yaji. Ɗan man kaɗanya a leɓe da bakin hanci ya isa. Bushewar iskar nan ita kaɗai ba ta ƙarar da ruwan jikin mutum, mai ƙarar da shi shi ne azumin da mutum ya ɗora wa kansa tun jiya. Daga nan sai ciwon kai, da jiri, wani ya miƙe ya yanke jiki ya faɗi. Duk lokacin da aka zo da ruwa ka karɓa, kamar moɗa ƙarama kowace awa, in bai ishe ka ba ka roƙa, ba a biya. Shayi da kofi kada su yi yawa. Ma'auninka fitsarinka: in fari-fari ne, daidai, in ya yi ja kamar shayi, ƙara ruwa. Ruwan nan kuma shi zai tashe ka daga kujera ko ba ka so, tashin kuwa shi muke nema. Ka tuna ƙasar da za ka sauka. A Hajin 2024 zafi ya wuce digiri 50 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka ce mutum 1,301 suka rasu. Bai kamata mutum ya isa irin wannan wuri da ƙishirwar kwana biyu a jikinsa ba.

Sai maganar nauyin iska. Jirgi yakan yi sama kamar ƙafa 35,000, inda mutum ba zai iya numfashi ba. Saboda haka ake cusa iska a cikinsa, amma ba a kai ta nauyin ta ƙasa. Zamanka a ciki kamar kana bisa dutse ne mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Jos da ake faɗi wajen ƙafa 4,000 ce, mu nan bakin Kwara ba mu kai 1,000 ba. Mai lafiya ba zai ji kome ba sai ɗan kasala. Amma mai ciwon zuciya, da mai asma ko wani ciwon huhu, da mai ƙarancin jini, da mai amosanin jini, iskar tana iya yi musu kaɗan. Ga awon da nakan yi wa mutane: in ba ka iya tafiya taki 60 ko 70 a fili, ko hawa bene ɗaya, sai ka tsaya kana haki, ka ga likita kafin ka ga jirgi.

Iskar da ke cikin jikinka kuma takan kumbura a sama, ta ƙaru da wajen kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa ciki ke cika. Ranar tafiya ka haƙura da wake da ƙosai da alala da lemon kwalba, don kanka da don maƙwabcinka. Kunne ma haka, ya fi damuwa wajen sauka. Za ka ji ya toshe, wani lokaci har da zafi. Ka haɗiyi yawu, ka yi hamma, ka tauna dabino ko cingam. In bai buɗe ba, ka toshe hanci, ka rufe baki, ka hura a hankali har ka ji ya yi ɗas. Jariri a ba shi nono. Mai mura ya zo mu ba shi magani tun kafin ranar, don toshewar hanci ita ke sa kunnen ya ƙi buɗewa. Na san waɗansu za su ce ai goro ya fi cingam. Gaskiya ne, amma an hana shiga da goro Saudiyya, mutane kuwa sun sha wahala a kansa. In kana so ka ga aikin iskar nan da idonka, ka shanye ruwan gorar roba a sama, ka rufe ta gam. Kuna sauka ka duba ta, za ka ga ta lotse.

Magungunanka su zauna a jakar hannu, cikin kwalinsu na asali, tare da takardar likita, kada ka juye su a ƙullin leda. Babbar jaka takan yi ɓatan kai, ta iso bayan kwana uku. Mai allurar ciwon sukari kada ya bari ta shiga cikin manyan kaya, don sanyin wurin yana iya lalata ta, ya kuma riƙe dabino ko sukari ko da abinci zai makara. Mai hawan jini da ke shan ƙwayar nan mai sa fitsari, na san dabararka, za ka ce bari in bar ta yau. Kada ka yanke wannan shawara kai kaɗai, ka zo mu duba lokacin da ya fi dacewa ka sha. Agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa 2. Ba wani babban bambanci ba ne, ranar tafiya ka bi agogon gida, kashegari ka koma nasu. Tramadol da 'yan'uwansa kuwa kada su kusanci kayanka, kada kuma ka karɓi saƙon kowa a rufe.

Jirgi yakan yi sanyi, ka riƙe mayafi. In maƙwabcinka na tari, ko kai ne mai yi, ka sa takunkumi. Ɗamarar kujera kuma ka bar ta a ɗaure sako-sako muddin kana zaune, ko da fitila ta mutu. Jirgi yakan ci karo da iska ya yi tsalle, kamar yadda igiyar ruwa ke yi wa jirgin fito. Shi jirgin ba abin da zai same shi, wanda bai ɗaure ba shi ke buga kai.

To, kun sauka. In ƙafafu biyu suka ɗan tasa har takalmi ya matse, ba kome, ka taka, ka ɗaga su bisa matashi, da safe sun saɓe. Amma in ƙafa ɗaya ce ta kumbura ta bar 'yar'uwarta, sha-raɓa na ciwo, wurin ya yi ɗumi, wannan ba gajiya ba ce, ba kuma sammu ba. Kada a yi tausa, kada a yi ƙaho ko tsaga, kada a gasa da ruwan zafi. A nufi likitocin alhazai a ranar. In kuwa numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ƙirji ya soke, ko aka yi tari da jini, ba jiran gari ya waye. Abin yana iya ɓullowa har bayan mako 4 ko fiye da sauka, kamar yadda ya yi wa dattijon nan. Komowa gida ma ta fi tafiya bukatar lura, don a lokacin jiki ya gaji, ga tari, ga ɗokin gida. In ka zo wurinmu da wani ciwo ko zazzaɓi bayan ka komo, kalmarka ta fari ita ce, "Malam, daga jirgi nake."

Saura allurar riga-kafi. Ta sanƙarau da ta shawara lalle a yi su aƙalla kwana 10 kafin isa can, in ba haka ba jiki bai gama karɓarsu ba, takardar ma ba ta fara aiki ba. Ta shawara sau ɗaya ta isa har iyakar rai, tun 2016 aka daidaita a kan haka, saboda haka wanda ke da tsohon katinsa ya nemo shi. Kada ka ba wani kuɗi ya buga maka hatimi ba allura. Duk mai niyya ya zo ɗakin shan magani da wata guda a gaba, ya zo da dukan magungunan da yake sha, mu auna jininsa, mu duba ƙafafunsa, in gwada masa takun keken ɗinkin nan a kan bencinmu. Ku huta lafiya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.